Tasar da Ta Riga 'Yar'uwarta Nitsewa

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, kuma na san ban kai ba. Karatu kaɗai na iya, shi ma a ɓoye nake yin sa, bayan buhunan sha'ir, inda ba mai ganina balle ya aike ni. Sau uku ina fara wannan shafi ina yagewa. In kun ga na yi tuntuɓe a wani wuri, ku tsallake kawai. Sunana Tuda. Abin da zan faɗa ya faru ne shekara biyu da suka wuce, ina aji shida a makarantar ƙauyenmu, Tamdirt.

Idon ruwa ɗaya gare mu. Ruwansa yana taruwa a tafki, da sassafe a buɗe, a raba shi gona-gona, kuma da tasa ake rabon. Tasa ce ta jan ƙarfe mai ɗan huji a gindi. A ɗora ta kan ruwan kwatarniya, ta yi ta sha a hankali har ta nitse. Tasa ɗaya ke nan. Wani gidan uku gare shi, wani biyar. In rabonka ya cika sai a yi kira, a toshe hanyarka da laka, a buɗe ta maƙwabcinka. Tasa tamanin ake yi a yini. Abin da ya saura a tafki bayan ta tamanin na mai tasa ne, shi ne ladan zamansa a rana.

Mai tasar kuwa kakana ne, Jaddi Hammu. Shekara talatin da takwas yana zaune a gindin bango ɗaya, duk nitsewa ya yi ƙulli a ganyen dabino. Ba a taɓa jin ya ƙara wa wani ko ya rage ba. In mutum biyu suka yi musu a kasuwa, ko a kan jaki ne, sai ɗaya ya ce, mu je wajen Hammu. Ba ya taɓa tasar nan sai da alwala. Duk Juma'a kafin a buɗe tafki zai goge ta da yashi da lemun tsami har ta riƙa kashe ido, sannan ya zura ƙayar dabino cikin hujin ya murza, ya murza, don kada gishirin ruwa ya toshe shi.

A shekarar ne aka kawo mana Malama Nezha daga birnin Meknes. Ranar farko ba ta rubuta komai a allo ba. Ta sa muka ja tebura muka haɗa su, mutum biyar-biyar, ta ce ita ba ta zuwa aji da amsa, da matsala take zuwa. Ta farko ita ce yadda za mu kewaye awakin Si Mbarek, shugaban makaranta, da igiya mita ashirin kacal, su sami fili mafi faɗi. Kwana uku muka yi muna jan igiya a farfajiya.

Iyaye ba su so ba. Babana ya ce, "Mu da sanda muka haddace lissafi, ku kuma an mai da ku makiyaya." Si Mbarek ma bai so ba. Ya ce mai duba makarantu zai zo kafin jarrabawar ƙarshen shekara, in bai gamsu ba tebura za su koma layi kamar yadda Allah ya halicce su.

Sai dai wani abu yana faruwa a ajin, kowa yana gani. Akwai Rkia 'yar Assu, wadda ta maimaita aji biyar har sau biyu, ake kiranta Kakar Aji. Da, in an ce mata bakwai sau takwas sai ta zuba wa silin ido har a gaji. Ita ce ta gano cewa igiyar nan in an yi da'ira da ita ta fi ɗaukar awaki. Daga ranar ba ta ƙara kallon silin ba. A gwajin watan uku ta zo ta huɗu. Ni na zo ta ɗaya, amma ni kullum haka ne, ba wanda ya kula.

Matsalar da ta jawo komai daga lambun makaranta ta fito. Lalla Fadma, mai dafa mana abincin rana, ta leƙo aji wata Talata tana mita.

"Malama, na'a-na'ar nan ta mutu. Tasa biyu ne rabon makaranta tun ina budurwa, a da fangali biyar suke jiƙawa, yanzu huɗu ma da ƙyar. Sai ku sha shayinku haka, gaya."

Idon Malama ya yi haske. Ta ɗauki alli ta rubuta: Ina ruwan fangali na biyar?

Ta raba aiki. Rukuni ɗaya su auna idon ruwa, ko ya ja baya. Ɗaya su bi hanyar ruwa su duba ko tana yoyo. Rukuninmu, ni da Rkia da Itto da wasu tagwaye, aka ba mu tasa, saboda ni jikar mai ita ce. Ni ce mai rubutu. Malama ta kwance agogon hannunta ta ɗaura wa Rkia.

Mun sami Jaddi a gindin bangonsa, hularsa ta ulu a gwiwa.

"A'a, yau kuma wace runduna ce? Ke Tuda, tsohuwar gida, da agogon Nasara kika zo ki auna ni?"

Rkia ta ce, "Ba kai ba, Jaddi, tasar."

"Ni da tasar ai ɗaya ne, 'yar Assu. Ku zauna. Kada wadda ta taɓa, na san ba mai alwala a cikinku."

Sau goma muka auna. Minti bakwai, minti bakwai, wani lokaci da 'yan daƙiƙu. Ya ba mu dabino, irin mai taushin nan na gonarsa, yana dariyar yadda Rkia ke murtuke fuska a kan agogo. Na rubuta bakwai sau goma a jere, na ja layi a ƙasa da kyau.

Sauran rukunan suka dawo ba su samo komai ba. Alamar ruwa a bangon tafki tana nan inda take. Hanya ba ta yoyo. Mu ma bakwai ɗinmu ba ta ce komai ba, don ba mu da abin da za mu gwada ta da shi. Har na ji daɗi, ban san dalili ba. Sai Itto, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ɗaga hannu.

"Malama, kakata ta ce tasar tana da 'yar'uwa. Maƙeri ɗaya ya yi su rana ɗaya, da ƙusa ɗaya ya huda su. Ɗayar tana ɗakin ajiya na masallaci, naɗe a tsumma. Ba a taɓa sa ta a ruwa ba."

Liman ya ba da ita yana murmushi, ya ce mu dai kada mu dafa wake a ciki. Baƙa ƙirin ce, ta yi kore a baki. Muka cika bokiti a tsakiyar aji, Rkia ta ɗora ta. Minti bakwai ya cika tana nan tana yawo a kan ruwa. Sai da ta kai takwas ta nitse. Muka sake. Takwas. Sau goma, takwas.

Na kifa ta na dubi hujin. Ƙarami ne, zagayayye. Na Jaddi kuwa na san shi kamar yadda na san tafin hannuna: ya fi faɗi, gefensa ya yi santsi. Ƙayar Juma'a ce ta faɗo mini a rai.

Malama ta tafa hannu. "Kun gani? Ƙarfe ma yana cinyewa. Kowace tasa ta ragu da minti ɗaya. Ga fangalinku na biyar!"

Ajin ya ɗauki sowa. Rkia ba ta yi ba. Tana rubuta wani abu a bayan hannunta, ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

A hanyar gida ta sha gabana a lungun rumman.

"Tamanin ne a yini, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne.

"Minti tamanin. Awa ɗaya da minti ashirin, kullum. Ruwan nan ba aljanu ke shanye shi ba, Tuda. A tafki yake zama. Wa ke da ragowar tafki?"

"Bai sani ba. Wallahi bai sani ba. Gogewa yake yi."

"Ni ban ce ya sani ba, 'yar littafi. Dabinon babana shida sun bushe bara, ya sare su ya yi azara. Na kakanki kuwa ga shi har yanzu yana manne mini a haƙori."

Ta wuce. Ba da faɗa ta yi maganar ba, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.

Ranar na shiga gonar Jaddi na tsaya. Tun ina rarrafe nake shigarta, amma ban taɓa ganin yadda take kore ba. Ga lalle, ga rumman, ga ciyawar tumaki har gwiwa, ƙasa baƙa tana ɗaukar sawu. Ta kan katanga ana hango ta maƙwabci, fara fat, ta tsattsage.

Malama ta sanar cewa wannan aikin za mu nuna wa mai duba makarantu ranar Laraba bayan la'asar, kuma an gayyaci iyaye maza duka. Za a kawo tasa biyun a ɗora su lokaci ɗaya a gaban kowa. Jaddi da kansa zai ɗora tasa. Ta je har gindin bango ta roƙe shi, ya amsa da murna, don abin da ta gaya masa kawai shi ne yara za su nuna wa baƙo yadda kakanninmu ke auna lokaci.

Ita baƙuwa ce. Ba ta san cewa ragowar tafki ta mai tasa ce ba. A Tamdirt ba a faɗar wannan, kamar yadda ba a faɗar cewa rana daga gabas take fitowa. Ni ya kamata in gaya mata. Ranar Litinin na tsaya bayan an tashi, tana share allo.

"Tuda? Akwai magana?"

"Malama, ruwan da ya rage..."

"Na'am?"

 Na ga in na faɗa, ni ce mutum ta farko da ta haɗa sunan Jaddi da wannan magana da bakinta. Na ce ina tambaya ne ko da jan biro zan rubuta sakamakon.

"Da wanda kike so. Ki ɗaga murya dai ranar, kin ji? Kakanki ne babban baƙonmu."

Shi ma na gwada gaya masa. Yana shan shayi a soro, na zauna kusa da shi na ce, Jaddi, in mutum ya yi kuskure bai sani ba fa? Ya ce Allah ba ya kama shi. Na ce mutane fa? Ya kurɓi shayi ya ce, "Mutane ai ba Allah ba ne. Me kika fasa, tsohuwa? Faɗa mini in ce ni ne."

Ban faɗa ba.

Ranar Laraba ya gama tamanin ɗinsa, ya dawo ya rataye tasar a ƙusarta, ya tafi sallar la'asar. Gidan shiru, mata suna can ƙuryar gida suna tankaɗe. Na ɓanɓaro kakin kyandir ɗan mitsitsi, na murza shi a yatsa har ya yi laushi. Ba ni da alwala. Na sauko da tasar, na shafa kakin a gefen hujin ta ƙasa, siriri, yadda zai rage faɗinsa. Na mai da ita. Ban san ko zai kai ta takwas ba, amma ko bakwai da rabi ne za a ce hannu ne ya motsa.

Ya dawo ya sa farar jallabiyarsa ta idi. Har ya kai ƙofa da tasar a hammata, sai ya tsaya.

"Yau ba Juma'a ba ce, amma baƙo baƙo ne. Tuda, kawo mini lemun tsami."

Na kawo. Ya zauna a dakali ya goge ta ciki da waje. Ya ciro ƙaya daga hularsa ya zura, ya murza. Ya zaro ta da ɗan farin abu a tsini, ya kai kusa da ido.

"Dubi wannan datti! Da haka zan kai ta gaban mutumin birni? Da na ji kunya." Ya hure hujin, ya ƙara murzawa sau biyu don ya tabbata. "Mu tafi, kada a ce Hammu ya makara."

Ajin ya cika. Maza sun jeru a bango, wasu a taga. Assu, baban Rkia, yana can baya da laka a ƙafarsa. Dattijon ruwa, Amghar Yidir, wanda ke yanke hukunci a kan duk rigimar rabo, an ba shi kujerar Malama. Mai duba makarantu, wani siriri mai tabarau, ya zauna gefen Si Mbarek da littafi a cinya.

Rukunin ido suka yi bayani, rukunin hanya suka yi. Mai tabarau ya yi ta jefa musu tambaya, lita nawa, ta yaya kuka sani, suna amsawa ba gargada. Na ga iyaye suna duban juna, wasu har da gyaɗa kai. Babana ya buɗe baki yana kallon wani yaro a cikinsu yana raba ɗari huɗu da ashirin gida bakwai a ka.

Sai aka zo kanmu. Na miƙe da littafi. Na karanta bakwai, na karanta takwas, amma ko ni ban ji muryata ba. Wani ya ce daga taga, "Yarinyar nan da tururuwa take magana?" Aka yi dariya. Malama ta ce ba komai, ido ya fi kunne, a kawo bokitai.

Bokiti biyu, cike. Liman ya riƙe baƙar tasa, Jaddi ya riƙe tasa mai walƙiya. Ya yi bisimilla. Suka ɗora tare.

Da farko ana ta hira ƙasa-ƙasa. Wani ya ce ta liman ta yi kama da tukunyar gwauro. Jaddi ya tsaya hannu a baya, yana murmushi, ko kallon bokitin ba ya yi, don ya san lokacinta a jikinsa. Da ta kusa sai ya sunkuya. Ruwa ya kai bakinta, ta karkata, ta tafi ƙasa, ta bugi gindin bokiti da 'yar ƙara.

Ya juya ga ɗaya bokitin don ya ga baƙar ta bi ta. Tana nan a sama. Saura mata wajen yatsa guda.

Ban taɓa sanin minti ɗaya yana da tsawo haka ba. Hirar ta mutu daga gaba, ta bi layi har taga. Ba mai tari. Akuyar Si Mbarek tana kuka a waje. Mutum arba'in suna kallon baƙar tasa tana juyawa a hankali, kuma kowannensu ya san tasa nawa gidansa ke da ita. Sannan ta nitse.

Malama ta ce da fara'a, "To, wa zai gaya mana abin da minti ɗaya ke zama a yini?"

Rkia ta fita. Ba ta dube ni ba. Ta rubuta ɗaya sau tamanin, ta mai da shi awa ɗaya da minti ashirin. Mai tabarau ya ce, a wata fa? Ta rubuta awa arba'in. A shekara fa? Alli yana ƙara a allo, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin amsar.

Mai tabarau ya miƙe yana tafi. "Madalla! Wannan ce kuka ce ta maimaita aji? Si Mbarek, na zaga makarantu goma sha ɗaya a wannan kwari, ban ga aji shida irin wannan ba. Teburan nan kada wanda ya taɓa su."

Shi kaɗai yake tafin. Da ya lura sai ya sassauta, ya daina.

Daga baya Assu ya yi magana, a hankali, kamar mai tambayar farashin gishiri. "Rkia, 'yata. In shekara talatin da takwas ce fa?"

Malama ta ce, "A'a, ba haka ake yi ba, ai hujin a hankali ya faɗaɗa, kuma ruwan bai ɓata ba, yana nan cikin tafki, na kowa ne..."

Lalla Fadma ta jawo hannun rigarta ta raɗa mata wani abu. Na ga fuskar Malama ta canja. Ta nemo ni da ido, na sunkuyar da kai.

Jaddi ya naɗe hannun jallabiyarsa ya tsamo tasarsa. Ya tsamo ta liman ma. Ya ɗaga su biyun saitin taga, ya rufe ido ɗaya. Haske ya ratso ta hujin kowacce ya sauka a farar rigarsa, ɗigo biyu, ɗaya ya fi ɗaya girma. Ya daɗe a haka. Ruwa yana bin hannunsa yana shiga hammata.

"Goge ta nake yi," in ji shi. Ba da kowa yake ba. "Duk Juma'a."

Wani ya ce, "Mun sani, Hammu. Gonarka ma ta sha gugar." Ba a yi dariya ba.

Amghar Yidir ya dogara sandarsa ya tashi. Shi da Jaddi tare aka yi musu kaciya, tare suka yi aikin haƙar ma'adini a ƙuruciya. Bai dube shi a ido ba.

"Ajiye su a teburin nan, Hammu. Duka biyun. Gobe ɗan liman zai zauna a bango da baƙar, kafin jama'a ta zauna."

Jaddi ya ajiye. Ya ciro ƙayar daga hularsa, ya juya ta a hannu kamar bai san ta ba, ita ma ya ajiye ta kusa da su. Maza suka buɗa masa hanya, faɗin da ya wuce wanda mutum ɗaya ke bukata. Ba wanda ya miƙa masa hannu. A bakin ƙofa ya yi ta laluben takalminsa cikin na mutane, ya kasa gane shi, har ya haƙura ya fita a haka.

Sai surutu ya ɓarke gaba ɗaya. Wasu na cewa a je a ga gonar yanzu, wasu na cewa a bari sai an yi magariba. Babana yana rantsuwa da ƙarfi, wani yana riƙe da shi. Mai tabarau yana tambayar Si Mbarek me ya faru. Malama tana kiran sunana, tana ɗaga kai ta saman kafaɗun mutane.

Ni dama ƙarama ce. Na tura littafin ƙarƙashin tebur, na durƙusa, na bi ta tsakanin jallabiyoyi har ƙofa. Takalmin Jaddi yana can gefe, wani ya take ƙafa ɗaya ya shige ƙarƙashin tabarma. Na ɗauke su na rungume, na bi ta bayan ɗakin girki inda katanga ta rushe, na tsallake kafin wani ya waiwayo.